Waken da Ƙwaro Bai Taɓa Ba

Sana'ata ita ce sayar da abin da mai sayensa ba zai iya ɗagawa ba, ba zai iya furta sunansa daidai ba, in kuma ya lalace ba mai gyara masa daga nan har Legas. Na'urorin ɗakin gwaje-gwaje nake yi wa jami'o'i talla. Uwarsu duka ita ce wadda muke kira mas-sipek. In ka ba ta ɗigon abu, sai ta farfasa shi zuwa ƙwayoyin da ido ba ya gani, ta auna nauyin kowace, ta rubuto maka a kwamfuta sunan duk sinadarin da ke ɓoye a ciki. Haka littafinta ya ce. Ni kuwa in na tsaya gaban malaman jami'a, cewa nake: "Ranku ya daɗe, ku sa sauro ya yi kuka a dam ɗin Dadin Kowa, ku je ɗaya gaɓar ku ɗebo min kofi guda. Wannan na'ura za ta faɗa muku mace ce ko namiji, da abin da aka yi mata."

Suna dariya, ba sa saye. Shekara uku na yi ina zarya a wani sashe na wata jami'a a nan Gombe, har masu gadi suka fara tambayata yaushe zan kammala digirina. Wadda ta tsaya kai da fata aka sayi na'urar wata malama ce 'yar ƙasar Tangale, kowa Dakta yake ce mata. Gajeruwa ce, ba ta da yawan magana, tana sanye da ɗan gicciye a wuya, kuma a duk shekarun nan uku sau ɗaya na ga haƙoranta, shi ma tari ne ya kama ta. Bincikenta a kan ragowar maganin ƙwari ne a hatsin da ake ajiyewa. Kafin zuwan na'urar, sai ta ƙulla samfuri ta aika wata jiha, ta jira wata da watanni.

Na'urar ta iso a makon da zan aurar da 'yata ta fari. Ɗaurin aure da walima ranar Asabar, akwatunan suka sauka Litinin. Na ce wa maiɗakina Allah ya haɗa min aure biyu a mako guda, ɗaya amaryar ma ta fi tsada kuma ba ta cin tuwo. Ta ce in je in yi wa wata wannan surutun, ita aiki ya sha mata kai.

Ina da wata al'ada a aikina. Duk ranar da za a gwada sabuwar na'ura a gaban mai ita, nakan kawo abu daga gidana, abin da na tabbata tsaftatacce ne, a fara da shi. In layi ya fito a allon kwamfuta a kwance lif, ba tsini ko ɗaya mai nuna gurɓata, sai in buga ƙirji in ce: "Kun ga ba ta yi wa kowa ƙazafi. Yanzu ku kawo naku." Na yi da zumar gidana, na yi da man gyaɗa, ban taɓa jin kunya ba. A wannan karon ban ma yi dogon tunani ba, domin akwai buhun wake a jingine a zaurena.

Buhun na yayana ne, wanda muke kira Hamma kamar yadda ake kiran babban wa a gidajenmu. Mahaifinmu ya rasu ina aji uku na firamare, Hamma ya ɗauke ni. Fataucin wake yake yi, ya saya da kaka ya ajiye a sitonsa da ke unguwar Dawaki, ya fitar da bazara. Duk wani takalmi da na sa zuwa makaranta, duk wani littafi, daga wake ya fito. Shi ne kuma waliyyin amarya. Mako biyu kafin biki ya zo gidana a unguwar Arawa da kansa, buhu a bayan a-daidaita, ya sa aka sauke, ya kwance bakin ya tura hannu har gwiwar hannu.

"Ɗan boko, zo ka gani. Gudummawata ce, ta alalen walima."

Kanannado ne, fari tas, manya kamar haƙoran doki. Ya zuba min a tafi.

"Nemo min huda ɗaya. Ɗaya tak. In ka samu na ba ka sitona."

Na juya, na juya, babu. Na ce masa wannan wake ko a Aljanna sai an nuna takarda kafin a ba mutum. Ya yi dariya har ya riƙe bango. A lokacin na ji wani ɗan wari siriri, kamar na kwalbar kananzir da aka daɗe da wankewa, na ce a raina warin buhu ne. Bayan kwana biyu na lura tururuwan da suka mai da zaurena babbar hanyarsu tun da na tare a gidan sun sauya hanya. Suna zuwa dab da buhun sai su karkata su bi gindin ɗaya bangon. Na nuna wa maiɗakina na ce ta ga, har tururuwa sun san girman Hamma.

Ranar Talata na ɗebi cikin gwangwanin madara na kai wa Dakta. Ta karɓa, ta kai hanci, ta ɗan daɗe a haka.

"Alhaji, daga ina wannan?"

"Daga gidana. Na bikin 'yata ne. Dakta, wannan wake ko wanka ba ya bukata."

"Yaushe za a dafa?"

"Juma'a da la'asar mata za su jiƙa, Asabar da asuba a kai markaɗe."

Ta juye shi a leda, ta rubuta kwanan wata a jiki, ta sa a firiji. Na tsaya ina jiran ta yaba girman ƙwayar, ba ta yaba ba.

Ita na'urar nan ba a kunna ta kamar rediyo. Sai famfonta ya zuƙe duk iskar da ke cikinta tukuna, ya bar cikin fayau, kuma wannan yana cin yini da kwana ba tare da wuta ta ƙifta ba. Injiniyan da kamfani ya turo daga Legas ya haɗa ta, ya kunna famfon, ɗakin ya cika da wata ƙara siririya mai shiga haƙori. Laraba da hantsi aka ɗauke wuta, janareto ya yi tari biyu ya mutu, baturan ajiya suka yi ta kuka har suka ƙare. Aka koma farko. Ni ban damu ba, ina can ina rigima da masu rumfa da kujeru. Sai da yamma Dakta ta kira ni, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Alhaji, an fara cin waken nan a gidanka?"

"Haba Dakta, wa zai taɓa kayan biki? Maiɗakina ta ɗaure bakin buhun da ƙulli bakwai."

"To a bar shi a ɗaure."

Ta kashe. Na yi niyyar in mai da abin wasa, in ce wa mutanen gida malamar jami'a ta ƙyasa wakenmu, sai na ji bakina ya ƙi.

Alhamis bayan la'asar na'urar ta shirya. Na tarar Dakta ta riga ta niƙa waken, ta jiƙa garin a wani ruwan sinadari, ta tace, ta zuba abin da ya fito a 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba. Mu uku ne a ɗakin, da ni da ita da injiniya. Na'urar sanyaya ɗaki na ta hura mu, amma gumi nake. Allurar na'urar ta sauko ta tsotsi kwalbar, ta koma. Layi ya fara tafiya a allon kwamfuta, a kwance, kamar hanyar Dukku. Na gyara tsayuwa, na fara shirya jawabina. Ina cikin cewa "Kun ga ba ta yi wa kowa..." sai layin ya miƙe sama. Ya yi ta hawa har ya bugi rufin allon, sai da kwamfutar ta matse hoton don ya samu wurin tsayawa.

Dakta ta danna kan tsinin. Suna ya fito da Turanci, dogo. Ta ce, "Wannan shi ne abin da ke cikin fiya-fiya."

Fiya-fiya dai kowa ya san shi, ruwan nan da ake sayarwa a 'yan kwalabe ana yayyafawa a ɗaki don sauro da kuɗin cizo, a rufe ƙofa a gudu.

Abin da na yi bayan nan shi ne abin kunyar da ya fi kowane a aikina. Ni da na shekara uku ina rantsuwa da na'urar nan, na juya mata baya a cikin minti ɗaya. Na ce sabuwa ce, ba ta gama wartsakewa daga wahalar hanya ba. Na ce wataƙila a jirgin ruwa an ajiye ta kusa da kayan feshi. Na ce irin wannan ƙirar na'ura dama an san ta da zuzuta abu, ni kaina na sha faɗa wa kamfani. Injiniya ya juyo yana kallona baki buɗe.

Dakta ta ce, "Alhaji, ba kai ka ce tana gane hawayen sauro ba?"

"Talla ce, Dakta. Kowa da abin da yake ci da shi."

"Na sani. Shi ya sa ban saya don maganarka ba." Ta cire safar hannu. "Zan sa mata ruwan sinadarin zalla, ba wake. In ta sake nuna wannan, na'urarka ce ke ƙarya, ku kwashe abarku. Gobe da safe kuma in sake niƙa sabo, in gwada shi da ainihin sinadarin fiya-fiyan da nake da shi a kwalba, in san yawansa. Ka yi addu'a kayanka ne marasa kyau."

Na yi kuwa. Ban taɓa jin ɗan kasuwar da ya roƙi Allah ya sa hajarsa ta zama jabu ba sai ni. Da magariba na shiga gida na tarar ya cika da mata, 'yan uwa daga Kumo da Bajoga, ana ta shewa, ana yi wa amarya lalle. Buhun na nan a zaure, yara na wasan ɓuya a bayansa. Na daka musu tsawar da ban san ina da ita ba. Maiɗakina ta ja ni gefe, na faɗa mata. Ta dafe ƙirji.

Na ce, "Mu sayo wani a ɓoye mu musanya. Wake ai wake ne."

"Baban yara, ka san wa ke shugabantar girki? Matar Hamma. Shekara talatin tana tsince waken mijinta. Ko a duhu ka ba ta wani za ta gane. Kuma a gaban dangin ango za ta tambaya ina nasu ya tafi."

Gaskiya ta faɗa. A wurinmu ba a mayar da gudummawa, ba a kuma bincikarta. Wanda ya kawo maka akuya mai ido ɗaya, godiya za ka yi ka ce ta fi gani da shi. Balle ta wanda ya rene ka.

Juma'a da hantsi na koma jami'a. Ruwan zalla ya fito a kwance, ba ko ɗigo. Sabon niƙan wake ya sake tsinin jiya, a daidai wurin, kamar an ɗora hoto a kan hoto. Dakta ta buga takardar ta miƙo min.

Na ce, "In aka wanke shi sosai fa? A surfe, a zubar da ruwa sau bakwai? Ai wuta ma tana kashe..."

"Wanki yana ragewa, wuta tana ragewa. Da kaɗan ne, da na ce maka ka shanya shi ka jira. Wannan ba kaɗan ba ne, kuma sabon zubi ne. Ban san nawa zai rage a tukunya ba, kai ma ba ka sani ba. Mutum nawa ka gayyata?"

"Rabin Gombe."

"Da yara?"

Na ninke takardar na sa a aljihu.

"Kada a ba dabba. Kada a zuba ruwansa a kwata. A haƙa rami nesa da rijiya." Har na kai ƙofa ta ƙara da cewa, "Ni ma babana manomi ne, Alhaji. Na san abin da za ka je ka yi. Allah ya ba ka baki."

Bayan an sauko daga masallaci na nufi Dawaki. Na sami Hamma a ƙofar sitonsa a kan tabarma, ya cire hula yana shan iska, sabuwar shaddar ɗaurin aure na rataye a ƙusa a cikin leda. Ƙofar siton a buɗe take, buhuna jere har rufi, kuma warin nan na zaurena yana fitowa daga ciki, ba siriri ba yanzu. Na durƙusa na gaishe shi. Na yi ta kewaye-kewaye, na yi zancen rumfa, na yi zancen zafi, har ya ce, "Kai, yau ina ƙaryar taka? Wa ya mutu?"

Na fito da takardar. Na faɗa masa da mafi laushin kalmomin da na mallaka. Ya karɓa, ya riƙe ta a juye, ya dubi tsinin da ya koma yana kallon ƙasa.

"Wato ka ɗauki kyautata ka kai wa injin Bature ya duba maka ko na sa guba."

"Wallahi Hamma, don in yi alfahari da shi na kai."

"Da wane wake ka yi boko? Da wane wake ka yi wannan tumbin?" Ya miƙa hannu cikin wani buɗaɗɗen buhu, ya ɗebo, ya watsa a baki ɗanye. Ina jin ƙarar haƙoransa. Ya haɗiye yana kallona. "Ga ni. Na faɗi?"

"Hamma, don girman Allah ka tofar."

"Kowa a kasuwar nan yana sa magani. In ba ka sa ba, wata biyu ka buɗe buhu ka tarar da gari. Da kaka nake sawa, kafin bazara ya huce. Haka nake yi tun kana fitsarin kwance."

"Malamar ta ce wannan sabon zubi ne."

Sai ya tsaya. Ya ajiye takardar a kan tabarma, ya ɗora carbi a kai don kada iska ta ɗauka.

"Na ga ƙwaro ɗaya," in ji shi, a hankali. "Ranar da zan kawo maka. Ɗaya, yana tafiya a bakin buhun. Na ce 'yar ƙanina ba za a buɗe wakenta a gaban surukai a ga ƙwaro ba. Na juye shi a tabarma na ƙara masa da hannuna. Kwalba guda." Ya gyara carbin a kan takardar. "Na ga ba ta jiƙa shi ko'ina ba, na ƙara ta biyu."

Wayata ta yi ƙara. Maiɗakina ce, tana magana ƙasa-ƙasa: matar Hamma ta ce aiki ya yi yawa, ba za a jira la'asar ba, ta yanke ƙullin da wuƙa, sun riga sun juye a baho. Na maimaita masa. Ya tashi, bai ɗauki hula ba.

Ban san yadda na tuƙa daga Dawaki zuwa Arawa ba. Muka kutsa har tsakar gida ba sallama, mata suka yi ta jan mayafi. Baho huɗu ne a jere a gindin bango, wake ya sha ruwa ya fara kumbura, 'yan mata biyu sun tsoma hannu har gwiwa suna murza. A gefen bahon farko ƙudaje ne a zube a kan siminti, wasu na juyi a bayansu, wasu sun daina. Wata jikar maƙwabta, ba ta fi shekara uku ba, tana tsaye da ludayi tana jira a ba ta ta taya.

Hamma ya ce, "Ku cire hannunku. Ku je ku wanke da sabulu."

Matarsa ta miƙe. "Malam, lafiya? Me ya samu waken?"

Na buɗe baki, na riga na ƙera ƙarya mai ƙafa huɗu, wai ɓera ne ya mutu a buhun. Ya ɗaga min hannu.

"Ni na ɓata shi. Na fasa bayarwa."

A gaban dangin ango ya faɗa, domin gwaggonnin angon biyu na zaune a kan tabarma. Na ga yadda suka kalli juna. Ya sunkuya ya kama kunnen baho ɗaya, na kama ɗayan. Sau huɗu muka yi sawu zuwa bayan motata, ruwan na fantsama a rigunanmu na Juma'a. Muka fita bayan gari ta hanyar Bajoga, na ari fatanya wurin wani mai gona, muka haƙa. Shi ya fi ni haƙa, da shekarunsa. Muka juye waken a ramin, muka mai da ƙasa.

Washegari aka yi walima da shinkafa da miya. Ba wanda ya yi ko ciwon kai. Hamma ya zo cikin sabuwar shaddarsa, ya ba da aure da muryar da ba ta rawa, ya karɓi addu'a, ya shafa. Da aka fito da abinci na kai masa da hannuna. Ya ce yana azumi. Na san ba ya yi, domin na gan shi ya sha ruwa a ƙofar masallaci, amma na ce Allah ya karɓa.

Bayan kwana uku na je gaishe shi. Ya amsa, ya tambayi amarya, ya sa aka kawo min ruwa. Ƙofar siton a kulle take da sabon kwaɗo. Da zan tafi na leƙa ta ramin ƙofar, ban ga komai ba sai siminti da aka share. A ƙasa, gaban ƙofar, akwai sawun tayar babbar mota. Ban tambaye shi inda aka kai waken ba, shi ma bai faɗa ba.